Laftof ɗina na maƙalewa, in ƙara girman pagefile ko in kashe shi?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Laftof ɗina ta hannu ce, Windows 10, RAM 4GB, HDD ne a ciki. Da na buɗe shafuka da yawa a Chrome na haɗa da Word sai ta tsaya cak, 'yar fitilar gefen nan ta kama ta ƙi mutuwa, in na leƙa Task Manager sai in ga Disk 100%. Wani abokina ya ce in kai pagefile 16GB wai daidai yake da ƙarin RAM, wani kuma ya ce in kashe shi gaba ɗaya shi ke jan ta baya. Furojet ɗina na makaranta nake rubutawa, wallahi abin ya dame ni.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, duk biyun kar ka bi. Shi pagefile.sys ɓoyayyen fayil ne a C, in RAM ta cika sai Windows ta kwashe abin da ba ka taɓawa yanzu, gutsure gutsure na 4KB, ta zuba a can, in ka koma kan shafin sai ta sake ɗauko shi. Kamar mai shago ne da kantarsa ta cika ya kai sauran kaya sito, komai girman siton sai ya yi tafiya kafin ya miƙo ma kaya. To HDD faifai ne mai juyawa, na laftof galibi juyi 5400 a minti, sai allura ta je ta lalubo wurin, RAM kuwa ta ninka shi sauri nesa ba kusa ba. Wannan kai da kawowar ita ce Disk 100% ɗin da kake gani, kuma 16GB ba za ta rage ta ba.

Wata 'yar'uwa: Kashewar ma ta fi haɗari Malam, RAM na cika manhaja za ta rufe kanta ba sallama, aikin da ba ka adana ba ya tafi kenan. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, Settings na Performance, Advanced kuma, sai Change, ka tabbata akwai alama a kan Automatically manage.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Yaya. To kuɗina ba za su kai duka ba, RAM zan fara saya ko SSD?

Mai gyaran kwamfuta: Ka buɗe duk abin da ka saba buɗewa, ka duba Memory a Task Manager, in kullum tana dab da cika to RAM ce matsalar, ka kai ta 8GB. A wajen zai nuna ma ko akwai ramin RAM da ba komai. Ka lura RAM iri-iri ce, DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka. SSD, wato ma'ajiyar da ke maye gurbin HDD ba tare da faifai mai juyawa ba, ta biyo baya in hali ya yi, ta SATA tana kai wajen 500MB a daƙiƙa. Kafin nan rage shafukan Chrome, ka kashe tarkacen da ke tashi a Startup.