Ruwan da ya kwana a gona: taki ne ko asara?

Manomi daga Auyo: Assalamu alaikum. Ambaliyar 2022 ta cinye mini gero kaf. Da ruwa ya janye sai na tarar baƙar laka ta lulluɓe gonar, kaurin yatsu uku. Na shuka wake da kankana a kan danshin, ko mudu ɗaya na takin zamani ban zuba ba, amma ban taɓa ganin gonar ta yi irin wannan kyan ba. Akwai wanda ya ga haka?

Ɗan Gulbi, Maraɗi: Wa'alaikumus salam. Malam, sa'a ka taka, naka ruwan a hankali ya shigo. Tawa gonar a bakin ƙorama take. Ruwa ya zo da gudu, ya yashe ƙasar sama, ya jibge mini rairayi. Damina biyu gero bai yi zangarniyar kirki ba, sai da na yi ta kai takin shanu da amalanke. Yashi nauyi gare shi, shi ke fara zama. Laka kuwa ba ta kwanciya sai ruwa ya lafa.

Dattijo daga Dikwa: Yarana, mu nan da gangan muke tare ruwan. A ƙasar firgi, wato baƙar ƙasa mai laka, muna ɗaga kunya kewaye da fili, ruwa ya zauna ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yana janyewa sai mu dasa masakwa, wato dawar rani, mu girbe cikin sanyi ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Haka muka gada.

Hajiya daga Nguru: Baba, naku yana zuwa ya tafi, shi ya sa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa, ruwan Kogin Haɗeja ya canza hali. Inda mahaifina ke noman shinkafa yanzu ruwa ba ya ɗagawa rani da damina, ciyawar kachalla ta toshe ko'ina, sai tsuntsayen jan baki ke kwana ciki. Ɗan gefen da ya bushe kuma kanwa ce fara fat a kansa, ko ciyawa ba ta so.

Manomi daga Auyo: Allah ya kyauta, Hajiya. Baba, kunyar nan taku, tsayinta ya kai gwiwa?