Waɗanda suka baro Amurka suka zauna a Faransa, me kuka tarar?

Baƙon Lyon: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Houston na girma, fasfon Amurka nake riƙe da shi, aiki kuma ya kawo ni Lyon da iyalina. Ƙanwata na shirin tahowa karatu, shi ya sa nake so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni dai gaisuwa ce ta fi tsaya min a rai. A Amurka mai kanti zai tarbe ka da fara'a, ya tambayi lafiyarka, bai ma jira amsa ba. A nan fara'ar ba ta da yawa, amma sai ka ce bonjour kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, ko gidan burodi ne, ko kantin magani, ko wajen direban bas. Wanda ya tsallake gaisuwa, a daƙile za a sallame shi. A ganina daga nan ne Amurkawa da yawa suke ɗauko maganar cewa Faransawa na da girman kai. Mahaifiyata ma ba ta amsa wa yaron da ya shigo mata ba sallama.

'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban taɓa zama a Amurka ba, amma ofishinmu ɗaya da wata Ba'amurkiya a Paris. Da farko a gaban kwamfuta take cin abincin rana, sauran kuwa sun fita tun sha biyu, sun zauna sun ci a natse suna hira. Ta ɗauka lalaci ne. Abin da ya fi ɗaure mata kai hutu: tun 1982 doka ta ba ma'aikaci makonni biyar a shekara da albashinsa, ga dokar aikin awa 35 a mako ta shekarar 2000. Ta ce a ƙasarsu babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ba da hutu mai albashi ko na kwana ɗaya. Yanzu ita ma in watan Agusta ya kama ba a ganinta.

Abban Khalifa: Malam, ka gaya wa ƙanwarka ta shirya wa takardu. Wani banki ya ƙi buɗe min asusu da ya ga fasfona, saboda dokar FATCA ta 2010 da ta ɗora wa bankunan waje alhakin kai rahoton asusun Amurkawa ga hukumar harajin Amurka. Kuma ko a ina Ba'amurke yake zaune, sai ya cike takardar harajin can duk shekara. Hayar gida ma haka: takardun albashi, wanda zai tsaya maka, kuma galibi ana so albashinka ya ninka kuɗin haya sau uku. Amma gaskiya ɗaya ce, asibiti ya wanke min duk wannan wahala. Ganin likitan unguwa Yuro 30 ne, da katin Vitale kuma, wato katin inshorar lafiya na gwamnati, a mayar maka da mafi yawansa. Wanda ya taɓa karɓar takardar kuɗin asibiti a Amurka ya san abin da nake nufi.

Maman 'Yan Biyu: Akwai wadda ba ku taɓo ba, ita ce ta fi yi min ciwo. A Minneapolis 'yata da hijabinta take shiga makarantar gwamnati, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Da muka dawo Lille, a bakin ƙofar makaranta take cirewa ta sa a jaka, saboda dokar 2004 da ta hana ɗalibai sanya alamun addini na fili a makarantun gwamnati. A 2023 aka haɗa da abaya. Yarinyar ta daɗe tana dawowa gida ba walwala. Malamanta mutanen kirki ne, suna sonta, amma su a wajensu wannan shi ne adalci, addini na gida ne. Mu kuwa ba haka muka saba ba, can ko gida.

Ɗan Kasuwar Château Rouge: Ƙari kaɗan. Farashin da ka gani a jikin kaya shi za ka biya, haraji na ciki. A gidan abinci ma ba a jiran ka ɗora tukwicin kashi 15 ko 20 cikin ɗari kamar can. Ƙanwarka ta yi cefanenta ranar Asabar, don Lahadi da rana yawancin kantuna a rufe suke. Naman halal kuma ba ya wuya a manyan birane.

Baƙon Lyon: Na gode muku. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, Allah ya raya 'yan biyu. Ita ƙanwar tawa jami'a za ta shiga, dokar ta shafe ta?

Maman 'Yan Biyu: Amin, ɗan uwa. A'a, a jami'a ɗaliba na da damar sa hijabinta. Inda za ta bincika tun da wuri shi ne wurin koyon aiki: in a ma'aikatar gwamnati ne, za a nemi ta cire a lokacin aiki. Kamfanoni kuma kowa da ƙa'idarsa, ta tambaya kafin ta sa hannu.