Miyar madara ta jatan lande tana tsinke mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sau 3 ke nan ina gwada farar miyar madara da ake ci da jatan lande ko gasasshen kifi, duk ta ƙi ni. Ina Daura, kuma jatan landen nan mai ƙanƙara daga Katsina ake kawo mini, ba araha ba, asarar ta ishe ni.

Ina narka man shanu cokali 2, in soya tafarnuwa, in zuba fulawa cokali 2, sannan madarar gwangwani. Har nan lafiya lau, tana yin kauri sumul. Amma da na matsa lemon tsami sai ta tsinke, ruwa gefe guda, fararen gudaji suna yawo kamar danyen awara. Ɗanɗanon ba laifi, ganin ne ba ya shiga ido, maigida ko cokali bai sa ba.

Na rage wuta, haka. Na koma madarar gari da na dama da ruwan ɗumi, ita ma ta tsinke, har ta kama gindin tukunya. Da na bar lemon kuwa, ƙarnin kifin ya fito.

Don Allah, a wane lokaci ake sa lemon tsamin madarar ba ta tsinke ba?