Ely ko Promontory: ina zan kai Baba ya ga jirgin ƙasa mai kwal?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina ya zo mana ziyara nan Salt Lake City, jihar Utah a Amurka, zai koma gida ƙarshen Oktoba. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, a Zariya ya yi ritaya, kuma tun zuwansa ba shi da magana sai inda zai ga kan jirgi mai kwal yana aiki. An ambata mini Promontory da ke kusa da mu, da wani ƙaramin gari a Nevada mai suna Ely. Ely tafiyar wajen awa huɗu ce, Baba na fama da gwiwa, ni kuma Asabar da Lahadi kaɗai gare ni. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara.

Ɗan Katsina: Wa alaikumus salam. Hajiya ki kai shi Las Vegas kawai, ya ga madatsar ruwan Hoover. Duk baƙona can nake kai shi.

Malam Na-Ogden: Jirgi ta ce, ba ruwa ba. Promontory nan ne aka haɗa layin dogon gabas da na yamma ranar 10 ga Mayu, 1869. Amma kawunan jirgin biyu da ke wurin, Jupiter da lamba 119, kwaikwayon na asali ne da aka ƙera a 1979, kuma kallo ake yi, ba a hawa. Ely kuwa garin ma'adinai ne mai mutum wajen dubu huɗu. A 1906 layin Nevada Northern ya iso garin, mil 140 daga Cobre, saboda jan ƙarfen da ake haƙowa a Ruth ana narkarwa a McGill. Da aiki ya tsaya a 1983, kamfanin Kennecott mai layin bai sayar wa 'yan gwangwan ba, ya miƙa wa mutanen gari tasha da taragu da maƙera da ofisoshi har da takardun aiki, aka mayar da wurin gidan tarihi. Na shiga rumfar da suke gyaran jirage. Ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, sifanu wasu sun kai tsawon hannun mutum suna rataye, kanikawa na kwance ƙarƙashin kan jirgi mai lamba 93, wanda aka ƙera tun 1909. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a loko, wato wurin gyaran kawunan jirgi, wannan rumfar ce za ta taɓa masa zuciya fiye da hawan jirgin.

Abu Sadik: Ƙanwata, ki ji tawa kafin ki ɗauki tsoho ki shiga wannan daji. Na taso da iyali daga Reno ta babbar hanya mai lamba 50, wadda su da kansu suke kira hanyar da ta fi kowace kaɗaici a Amurka. Motar haya na ɗauka. Bayan mun wuce Eureka taya ta fashe, na buɗe but babu safaya, sai wata 'yar kwalbar faci da ba ta tsinana komai ba. Waya ba sabis. Yara na kuka, uwarsu ta lulluɓe su da dardumar salla saboda sanyi, garin nan sama da ƙafa dubu shida yake a kan tudu. Sai da wani mai kiwon shanu ya tsaya ya je ya kira mana janwe. Kuɗin janwen ya fi kuɗin hayar motar gaba ɗaya, kamfanin kuma har yau bai mayar mini da ko sisi ba. Muka isa dare ya yi, jirgin da na biya wa kuɗi ya daɗe da tafiya ya dawo. Wallahi ko kyauta ba na komawa.

Hajiya Turai: Subhanallah, Allah Ya mayar da alheri. Nawa kuka kama ɗaki? Mu dala 70 muka biya.

Abu Sadik: 70 a ina? 140 na biya, ɗaki ɗaya, hita na ƙara har asuba.

Ɗan Katsina: Abokina ya ce hawan jirgin ɗaruruwan daloli ne.

Hajiya Turai: A'a, wancan na wanda yake so a ba shi tuƙi ne da hannunsa. Tikitin fasinja bai kai ko kusa ba. Ki dai kira ki tambaya wane kan jirgi zai fita ranar, don wani lokaci na dizal ne ke ja.

Direban Tirela: Da girmamawa, Abu Sadik, kai fa ba ka shiga gidan tarihin ba, kuma ba hanyarka za ta bi ba. Daga Salt Lake, Wendover za ta nufa, sannan ta yi kudu. Hajiya ki cika tanki a Wendover, ki ɗauki ruwa da bargo, ki duba safaya da idonki. Agogon Ely yana bayan na Utah da awa ɗaya, kada ki rikice da lokacin jirgi.

Abu Sadik: To wanda ya sha wahala a hanyar ba shi da bakin magana, sai wanda ke wucewa cikin tirela? Ka taɓa tsayawa ka shiga wurin kai ma?

Direban Tirela: Ban shiga ba, amma hanya na sani, hanya kuma ka tsorata ta da ita.

Ummu Hanan: Ku dakata, ni tsorona ɗaya: Baba ya karɓe shebur daga hannun mai zuba kwal, Maman Ilham ta dawo gida ita kaɗai!

Maman Ilham: Wallahi zai iya. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai kan gwiwar. Akwai matakala da yawa?

Hajiya Turai: Matakin tarago yana da tsayi, sai an kama shi. Daga tasha zuwa rumfar gyara kuma da ɗan taku a kan tsakuwa. Mu da surukata muka je, ta huta sau da yawa amma ta kai. Abin da ya fi tsaya mata a rai ofishin sama ne na tashar, inda manyan littattafan albashi suke da sunayen leburori rubuce da hannu. Garin ya tara Girkawa da Italiyawa da wasu ƙabilu da suka zo cin arziki, kamar dai yadda kuza ta tara mutane a Jos.

Malam Na-Ogden: Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Mu ma mun yi jirgin ma'adinai: ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kuza, aka rufe shi a 1957. Yaro nawa ne a Zariya ya san da shi yau? Jirgi ya shiga Kano tun 1911, shekara biyar kacal bayan Ely. Ina littattafan albashin kakanninmu? Ina hotunan masu lodin gyaɗa?

Direban Tirela: A garinmu taragu na nan sun yi tsatsa, akuyoyi ke kwana ciki. Ƙarafan layin ma da dare ake kwancewa.

Abu Sadik: Ku bar maganar taragu, ku yi ta mutane. Kawuna ya yi aiki a layin Kaura Namoda har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu yana bin kuɗin fansho. Maman Ilham, tambayi Baba, shi ana biyansa nasa a kan kari?

Maman Ilham: Na karanta masa tambayarka. Ya ce in ba shi wayar, da bakinsa zai amsa, wai maganar ba ta rubutu ba ce.