Koyarwa ta hanyar warware matsala: za ta yiwu a ajin ɗalibai 80?

Malamar Kimiyya, Gwale:
Assalamu alaikum malamai. Ana ta kiran a riƙa ba ɗalibai matsala su warware da kansu maimakon kwafar allo. To idan aji na da ɗalibai 80, darasi minti 40, ga WAEC da NECO na jira, ta ina ake farawa? Yaya kuma ake ba da maki?

Malamin Kwaleji, Kabuga:
Wa alaikumus salam Malama. Tsarin ya fara ne a makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada a 1969, kuma ƙa'idarsa ita ce matsala ta riga bayani zuwa. Ki ciro ta daga manhaja. Misali a kemistiri: me ya sa ruwan wata rijiyar ba ya kumfa da sabulu, yana kuma barin farin ɓawo a butar shayi?

Ki raba su rukuni 10 na mutum 8, kowanne da shugaba da magatakarda. A darasin farko su rubuta abin da suka sani, da abin da suke zato, da abin da sai sun bincika. A na biyu su zuba ruwan rijiyar da ruwan sama daidai wa daida a kwalabe daban-daban, suna ɗiga ruwan sabulu suna girgizawa, suna ƙirga ɗigo har a samu kumfar da ba ta ɓacewa nan take. Su maimaita da dafaffen ruwan rijiyar. Kada a sa omo, shi yana kumfa a kowane ruwa, gwajin ya lalace. Sai a darasi na uku, bayan sun gabatar, ki kawo maganar kalsiyam da magniziyam, sinadaran da ke hana ruwan kumfa.

Hajiya Mai Alli:
Batun maki ne ke kashe tsarin. In aka ba rukuni maki ɗaya, yara biyu za su yi aikin, shida su kwanta. Rabin makin ya zama na rukuni, rabi na gajeren gwaji da kowa zai rubuta shi kaɗai. Mai gabatarwa kuma ke za ki zaɓe shi nan take, ba su ba.

Malam na Fagge:
Na yarda, amma kada a mayar da kowane darasi haka, manhaja ba za ta ƙare ba. Matsala ɗaya a zango ta isa a farko, a SS1 ko SS2, a bar 'yan SS3 su fuskanci jarrabawa. Kuma Malama ki riƙe amsar a bakinki. Da kin faɗa, bincike ya ƙare.