Musayar Baituka: Jakadan Biyana da Ƙwayar Kano

Ɗan Ƙoƙi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau baitukana kan Yuri Fedotob ne, ɗan Rasha da ya shugabanci UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka. Amsa-amonmu "ya".

Da sunan Allah nake buɗe baki,
In ba ku labarin jakadan duniya.
A 1971 ya sauke karatu a Mosko,
Aikin jakadanci ya kai shi Aljeriya.
Ya zauna Indiya, ya zauna Amurka,
Ya iya zama da abokin gaba kan tabarma ɗaya.
Ya riƙe mataimakin ministan waje,
A 2005 ya zama jakada a Birtaniya.
Ban Ki-moon ya zaɓe shi a 2010,
Ya tare a Biyana ta ƙasar Ostiriya.
Shekara tara yana lallashin gwamnatoci,
Su haɗa hannu su tare hanyar ƙwaya.

'Yar Fagge:
Yaya Ɗan Ƙoƙi, na ji kirarinka,
Amma ka tsaya, ina da tambaya.
Shekarun nan tara da kake ƙirgawa,
Su ne kodin ya ci mana zuriya.
Kwalabe a kwata, kwalabe a kango,
Har ɗakin matan aure, har ɗakin amarya.
Ɗan dako ya haɗiyi tiramol da asuba,
Wai don kada ya ji nauyin kaya.
Uwa na kuka a lungun Fagge,
Wa ya kai kukan nan Ostiriya?

Malamin Gwale:
Ƙanwata, kukanki yana kan hanya,
Sai dai jakada ba ya kama mai sayar da ƙwaya.
Ba shi da bindiga, ba shi da ankwa,
Makaminsa biro ne da yarjejeniya.
Ta 1961, ta 1971, ta 1988,
Su ya gada, su ya yi wa dakon tafiya.
Bayan ta ukun, a shekarar 1989,
Aka kafa NDLEA a Najeriya.
A zamaninsa aka ƙirga mu a rahoton 2018,
Ofishinsa da hukumar ƙididdiga baki ɗaya.
Mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye,
Cikin duk huɗu, mace ce ɗaya.
Kano kashi 16 cikin ɗari,
Daga ranar babu mai cewa ƙarya.

'Yar Fagge:
Malam, Allah ya ƙara sani, na karɓa,
Amma ƙidaya ba ta zama jinya.
Binciken BBC ne a 2018
Ya sa gwamnati ta ji kunya.
Ta haramta ruwan tari mai kodin,
Biyana ta zo ne daga baya.
Tiramol ma ba ya cikin jerin ƙwayoyin da suka sa wa takunkumi,
Ga shi yana ta sauka daga Indiya.

Nas ta Gyaɗi-Gyaɗi:
Yaya, bar ni in sa baki a nan,
Ni da nake kwana da marasa lafiya.
Mai ciwon daji yana ta birgima,
Mofin a asibitinmu sai da wuya.
In aka garƙame tiramol gaba ɗaya,
Da me za mu rage wa tsohuwa azabar jinya?
Wannan ne ya sa masana suka ja burki,
Ni ma a nan ina bayansu, gaskiya.
Inda nake da ja da jakadan,
Ƙasarsa ta hana metadon, maganin rage jarabar ƙwaya, ta juya baya.
Shi ya sa masu kula da 'yan shaye-shaye
Suka tarbi naɗinsa da ɗar-ɗar a zuciya.

Ɗan Ƙoƙi:
Ƙanwata Nas, ban musa miki ba,
Ya sauka ƙarshen 2019, ya bar ragowar tafiya.
Gada Wali 'yar Masar ta gaje shi,
Macen farko, kuma 'yar Afirka, a wannan jagoranci na duniya.
Shi kuwa ya mutu a 2022,
Mu muna nan da yaranmu da ƙwaya.

'Yar Fagge:
To Nas, ki taimake ni da amsa,
Ɗan maƙwabciyata ya fara tsince-tsince a hanya.
Uban ya ce a sa masa mari,
Uwar ta ce Dawanau, wajen masu jinya.
Wace rana likita yake ganin sababbi?
Kuma me za mu riƙe in za mu yi tafiya?