Bene mai hawa uku a Birnin Kebbi: tukwanen kashe gobara kaɗai sun isa?

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ina gina bene mai hawa uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Injiniyan da ya zana tsarin ruwa da na iska ya saka famfon gobara da tanki na daban, kuɗin kuma ya yi mini nauyi. Shin rataya jajayen tukwane a bango ba zai wadatar ba?

Injiniya, Gusau: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Tukunya tana amfani ne idan akwai mutum a kusa, alhali gobarar shaguna takan tashi cikin dare bayan an kulle. Kawunan yayyafa ruwa da ake jerawa a silin kuwa, waɗanda famfon da tankin ke ba ruwa, suna ɗauke da ƙaramar kwalba da ke fashewa da kanta idan zafi ya kai mizaninta, kuma wanda ke kusa da wutar kaɗai ke buɗewa. Kwalba mai launin ja tana fashewa a digiri 68, sai dai da irin zafinmu na watan Afrilu, a ƙarƙashin kwano gara mai ruwan ɗorawa ta digiri 79.

Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, Argungu: Alhaji, hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma bututun iska ne hanyarsa daga ɗaki zuwa ɗaki, don haka kada a soke murfin da ke rufe bututun da kansa.

Injiniya, Gusau: Haka ne, Malam. Famfon kuma a haɗa shi da na dizal, domin wutar lantarki ake fara yankewa idan gobara ta tashi.